Mutumin Ɗakin Sama

Focha, farkon watan Rajab, 1283

Daga ƙaninka Seifo, jikan ƙanwar kakarka, wanda ka bari yana jan majina ka kuma ce ba zai taɓa hankali ba, zuwa ga Yaya Zeinil, babban mai cinikin fata a Selanik.

Gaisuwa cike da mangala biyu, in fataken ba su sha rabi a hanya ba. Mahaifiyarka Goggo Julsa tana lafiya, sai gwiwa da ke yi mata tsegumin ruwan sama tun kafin hadari ya haɗu. Matarka Umihana lafiya lau, ta gama cusa kabejin hunturu a ganga, gidan duk ya ɗauki tsami. An gyara rufin da ke yoyo. Ni ma ina nan a shagon maƙeran wuƙa, ina hura wuta da zugazugi, ina hura mutane da baki. Goggo ta ce in tuna maka shekara shida ke nan, wai ko a Selanik ba a ƙirga shekaru.

Ka tuna Usta Gligor, tsohon Kiristan nan na ƙetaren gada, mai zana waliyyansu a bangon coci? Ya dawo daga yawonsa na bazara, shi da alfadarinsa, duka biyun suna tari. Ai yanzu ya rage aikin coci, fuskokin masu hali yake zanawa. Ka san yadda yake yi? Duk hunturu yana kulle a ɗaki yana zana gangar jiki ba kai: ga attajiri da hannu a kan tumbi, ga fadan coci da baƙar riga, ga amarya da tsabobi a ƙirji. In ƙanƙara ta narke sai ya naɗe su ya ɗora wa alfadari, daga Gorajde zuwa Tashlija, gari gari. Mai so ya zaɓi jiki yadda ake zaɓen takalmi, ya zauna a ɗora masa kansa. Na ce, “Usta, wannan ba ha'inci ba ne? Mutum kamar tsinke ya sayi ƙirjin ɗan kokawa?” Ya ce, “Yaro, jiki ai tela ne ke yin sa. Fuska ce ba a aro.”

Kwanakin baya ya jingine wani ƙaton attajiri a rana ya bushe. Na ga bawan Allah a tsaye ba kai, tausayi ya kama ni, na samo gawayi na ɗora masa kan bunsuru, har da gemu. Ban ankara ba sai na ji kunnena a hannun Usta. Na saki jiki ina jiran mari. Sai ya kama haɓata ya juya ni wajen haske, ya yi ta kallo, can ya ce, “Wannan hancin na san gidansu.”

Yanzu kusan kullum bayan azahar yana zaurenku. Kada ka tambaye ni me yake yi, Goggo ta sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa maka ba. Amma ba ta rantsar da ni a kan kacici-kacici ba, don haka kama wannan:

Akwai wani mutum da ya tare a ɗakin sama na gidanka. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya amsa sallama, ba ya ko ƙifta ido. Koren falmaran ne a jikinsa irin naka, sai dai shi wuyansa a buɗe yake, ba kamar wani da na sani ba mai naɗe wuya da ƙyalle ko ana zafin da ke narka dalma. Umihana tana hawa wurinsa safe da yamma, wata rana ta sauko da murmushi, wata rana ido ya yi ja. Wane ne?

In ka gane ka aiko min da jar dara sabuwa. In ka kasa ka aiko da biyu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

*

Selanik, ƙarshen Rajab

Zuwa ga Seifo.

Bayan sallama, ina lafiya, alhamdu lillahi. Ka gaida Inna, ka ce ina neman albarkarta.

Takardarka ta iso, amma dokin da ke ɗauke da jakar ya faɗi a mashigin kogi, ruwa ya cinye wurare da yawa. Farkon ya fita, labarin mai zane da shirmen bunsurunka. Na kuma ga inda ka ce yana shiga zauren ubana, an rantsar da kai. Daga nan tawada ta cakuɗe. Na kai takardar bakin taga, na juya ta sama da ƙasa. Ga abin da ya saura, harafi da harafi:

“Akwai wani mutum da ya tare a ɗakin sama na gidanka.” Sai baƙi. “Koren falmaran.” Sai baƙi. “Umihana tana hawa wurinsa safe da yamma, wata rana ta sauko da murmushi.”

Seifo, na san halinka. Kai ne ka sa kwaɗo a butar liman. Amma akwai abin da ba a wasa da shi. Wane ne wannan mutum? Wa ya ba shi ɗakina? Me mai zanen gumaka yake nema a gidan da ake salla, kuma me ya sa sai an rantsar da kai?

Wani abu kuma. Tun da na zo garin nan Inna ba ta taɓa barin takarda ta taho ba tare da adikon da ta yi wa ado da hannunta ba. Wannan karo na uku ke nan babu. Ko ba ta san ana rubuto min ba ne? Ko an mayar da ita ɗakin baya, wasu suna yin yadda suka ga dama da gidan?

Ka amsa da fataken farko, kuma ka amsa kamar mutum. Wassalam.

*

Focha, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Yaya Zeinil, mai idon ganin kurajen fata daga nesa, wanda kacici-kacicin ɗan makarantar allo ya kayar.

Gaisuwa da fatan sanyin teku bai taɓa ka ba. Mu nan ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu, fataken da za su ɗauki wannan sun ce su ne na ƙarshe sai hanya ta buɗe. Kowa lafiya. Goggo ta sa maka albarka. Ba a kai ta ɗakin baya ba, wa ya isa? Jiya ma ta jefe ni da takalmi, Allah ya taimake ni ta sami ƙofa. Zancen adiko, ta ce in ce maka allurarta ce ta ɓata.

Yaya, na karanta takardarka a shago na yi dariya har maigidana ya zaci aljanu ne. Ashe kogi ya sha rabin kacici-kacicin ya bar maka ƙashi! To ni ba na maimaita karatu. Limanmu Hoja Murat bai taɓa maimaita min aya ba sai da bulala a tsakani, kai kuma ka yi nisa da bulalata. Amma ka cire komai a ranka game da Umihana. Mutumin nan ka fi kowa saninsa. Duk ranar da ka shiga shagon wanzami ka zauna a kujera, shi kake fara gani a gabanka. Na ba ka a baki, saura ka tauna.

Bari in ba ka labarin rigimar da aka yi a kansa. Ban san wa ya kai wa Hoja Murat tsegumi ba, sai ga shi ranar Alhamis da sandarsa, yana huci. Ya hau bene, Goggo na biye da shi tana lalube bango. Ya tsaya ya dubi mutumin, mutumin ya dube shi. Hoja ya yi a'uziyya ya ce, “Julsa, wannan ba zai zauna haka a gidan Musulmi ba. Ko a fitar da shi, ko a yanka shi, daga nan zuwa nan.” Ya ja yatsa a maƙogwaronsa.

Goggo ta ce, “Murat, tun kana yawo ba wando na san ka. Ba inda za shi.”

Ya ce, “To a yanka shi. Haka na ga malamaina suna yi a Sarayevo, ba ni na ƙirƙiro ba. In an yanka, ya zauna har tashin kiyama, ba ruwana.”

Aka juya wajen Usta Gligor, yana bakin matakala da hularsa a hannu. Tsohon ya yi tari ya ce, “Hoja efendi, shekara arba'in ina sana'ata, na ci abincin Musulmi na ci na Kirista, ban taɓa yanka kowa ba. In mahauci kuke nema, yana bakin gada.”

Hoja ya ce, “Kai da ke tara mutane ba kai a ɗakinka, yanka ne ya dame ka?”

Usta ya ce, “Waɗancan ba a haife su ba tukuna. Wannan an haife shi.”

Sai muka ji Umihana daga bayan ƙofa tana cewa: “Don girman Allah kada ku taɓa masa wuya.” Ta fashe da kuka. Hoja ya tattara rigarsa ya ce ya ba su zuwa bayan salla su yi tunani. Ko gahawar da aka dafa masa bai sha ba, ni na taimaka masa.

Ka ga irin baƙon da ka yi, gari guda na magana a kansa shi ko uffan. Darata fa? Kaina yana jin sanyi. Allah ya kai mu azumi lafiya.

*

Selanik, goma ga watan azumi

Seifo.

Ina lafiya. Ka gaida Inna.

Na gane. Ba sai ka ƙara ba. Wanda nake fara gani in na zauna a kujerar wanzami, ai Hashim ne, ɗan mai shagon, mai riƙe tasa. Shi ne ya nemi Umihana kafin ni aka hana shi. Ranar ɗaurin aurena ya ƙi ba ni hannu. Yanzu na san abin da tsohon Kiristan nan yake kai da kawowa a zaure.

Har liman ya sani. Har ya yanke hukuncin kisa. Gari guda na magana. Ita kuma ta tsaya a gaban maza tana kuka kada a taɓa masa wuya. Kai kana shan gahawa kana dariya, kana tambayata dara. Inna kuma, ban san abin da aka ba ta ta sha ba da har take tsaya masa.

Shekara shida ina cikin warin fata, ina kwana a kan buhu, don in dawo in gina mata gida mai tagogin gilashi.

Jiya bayan la'asar na kira mutum biyu 'yan ƙasarmu, na faɗa a gabansu, kuma ga shi na rubuta: in har wani namiji ya kwana a ɗakin saman nan, ba ni ba, to Umihana ba matata ba ce. Ka karanta wa Hoja Murat, ka karanta mata.

Kada kowa ya zubar da jini a gidan ubana. Da zarar hanya ta buɗe ina tafe.

*

Focha, ƙarshen Shawwal
A ajiye a masaukin fatake na Tashlija, a ba Zeinil mai fata hannu da hannu in ya sauka

Yaya,

Gaisuwa. Ba kowa ke lafiya ba. Umihana ba ta cin abinci. Takardarka ta yi wata da wani abu a bayan ƙanƙara, shekaranjiya ta iso, fataken kuma sun ce kana bayansu da 'yan kwanaki. Goggo ta warware min rantsuwa, ta haɗa min da mari, wannan karon ta same ni.

Madubi, Yaya! Madubi nake nufi! In ka zauna a kujerar wanzami wa kake gani in ba kanka ba? Hashim ya yi shekara uku da komawa Sarayevo, yana da mata da tagwaye da tumbi. Mutumin ɗakin sama hoto ne. Hotonka.

Idon Goggo ne ke tafiya. Tun bara farin abu ya fara rufe shi, shi ya sa babu adiko, ba ta ganin kafar allura. Ta hana a faɗa maka don kada ka watsar da cinikinka ka taho. Ta ce abu ɗaya take so kafin duhu ya gama rufewa, ta ga fuskarka. Ta san ka da ƙin hoto, kai da ka ƙona akwatin gahawa don akwai mace a jikinsa, shi ya sa ta rantsar da ni.

Da ta kira Usta Gligor, ƙi ya yi. Ya ce ba ya zana wanda ba ya gabansa, ya san ka kana yaro amma abin ya dushe. Goggo ta ce, “Ga Seifo, hancinsu ɗaya, ka fara da shi mu gyara maka.” Ya ce fuska ba a aro. Ta ce, “Gligor, ina hoton matarka?” Ashe shekara ashirin da rasuwar matarsa, ya zana rabin attajiran ƙasar nan, ita kullum sai ya ce in an sami sarari. Da ta rasu ya ɗauki burushi, fuskar ta ƙi zuwa. Jikin yana nan a ɗakinsa har yau, da shuɗiyar riga, ba kai. Washegari ya zo da kayansa.

Goggo ta zaɓi jiki mai koren falmaran. Ni na zauna a zaure kamar gunki, wuyana ya ƙage, an hana ni magana, wanda ka san shi ne azaba mafi girma. Goggo tana kai idonta dab da ƙyallen tana cewa, “Goshin ya fi haka faɗi.” Umihana tana bayan ƙofa, tana leƙe ta tsaga: “Usta, girarsa ta hagu ta ɗan fi ɗagawa, kamar mai shirin musu.” “Usta, ba ya dariya da baki, da ido yake yi.” Tsohon yana gunaguni yana gogewa yana sakewa. Da yamma a hau da shi sama ya bushe. Shi Umihana take hawa gani.

Yankan kuwa, layi ne siriri da ake ja a wuyan hoto da jan launi, don a nuna ba mai rai ba ne. Shi ke nan yankan. Shi ta yi wa kuka.

Yanzu ga inda wutar take. Na kai wa Hoja takardarka ina cewa zai yi dariya. Bai yi ba. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, “Da bakina na ce wanda ba a yanka ba hukuncin mai rai ne da shi, a gaban mutane na faɗa, ba zan lashe ba. Ya kwana a ɗakin ko bai kwana ba?” Na ce, “Hoja, ai a jingine yake, bai taɓa kwanciya ba.” Ya ɗaga sanda, na ja da baya. Na ce to a yanka shi yau. Ya ce yankan yau ba ya goge kwanan jiya. Ya sa yatsa a kan rubutunka ya ce, “Saura kalma ɗaya. Ya ce ‘ba ni ba.’ In ya zo aka tsayar da su gefe da gefe, aka ga shi ne, aure yana nan. In wani ne, ya fita.”

Yaya, fuskar nan da tawa aka fara ta. Mace mai rabin ido da mace mai leƙen tsaga suka gyara ta, daga abin da suka riƙe shekara shida. Ban san yadda ka koma ba. Jiya Usta ya zo, ya sa aka sauko da hoton, ya kore mu duka daga zaure, sai Umihana a bayan ƙofarta. Na manna kunne, ban ji komai ba sai muryarta ƙasa ƙasa. Ya rufe hoton da mayafi ya ce kada wanda ya buɗe sai ka zo.

In ka yi ƙiba ka rage ci daga nan zuwa gida. In ka tara gemu ka rage. Ka ɗaga girar hagu. Ba wasa nake ba, wallahi, ko da yake na san yanzu ko na ce wuta na da zafi sai ka taɓa.

Ni na tafi Gorajde wajen kawuna. Ba gudu na yi ba, iska nake so in canza. Abin da ya fito daga bakina ne, Umihana ba ta san ma na rubuta ba. In akwai duka, nawa ne, ka ajiye min.

*

Focha, tsakiyar Zulƙida

Zuwa ga Seifo, a gidan kawunsa a Gorajde.

Bayan sallama, na iso lafiya. Inna tana lafiya, tana gane haske da duhu, ba ta wuce nan. Takardarka ta same ni a Tashlija. Na karanta ta a tsaye, na zauna a kan kayan wani ban sani ba. Abin da na ji a hanya daga can zuwa nan ba zan rubuta maka ba, ba ka kai ba.

Ban shiga cikin gida ba, Hoja ya hana sai an yi hukunci. Aka taru a zaure, shi da maƙwabta biyu da Usta Gligor, Inna a kan shimfiɗa, Umihana a bayan ƙofa. Aka tsayar da ni kusa da abin. Usta ya janye mayafin.

Seifo, saurayi na gani. Siriri, gashi baƙi, ido na dariya. Ni kuwa ka san abin da Selanik ta yi min? Sanƙo har ƙeya, furfura a gemu, falmaran ɗina ba ya haɗuwa a ciki. Maƙwabcinmu Ramiz ya dube ni ya dubi hoton ya ce, “To, hancin dai na gidan ne.” Ɗayan ya ce, “Ni fa shaiɗanin yaron nan Seifo nake gani.” Na ɗaga girar hagu kamar yadda ka ce, Allah ya isa tsakanina da kai, Ramiz ya tambaye ni ko ƙuda ne ya shiga min ido.

Hoja ya matsa kusa, ya ga wani jan layi a wuyan hoton, daga ƙarƙashin kunnen dama ya gangaro ya karkace. Ya ce, “Ashe ka yanka shi daga baya, Gligor. Ai na ce ya makara. Kuma ko yankan ba ka iya ba, a karkace.”

Usta ya ce, “Na faɗa maka ba na yanka. Abin da aka faɗa min daga bayan ƙofa na zana. An ce tsawonsa yatsa ɗaya da rabi, ya yi ƙugiya a ƙarshe kamar harafin lam, wurin da ya fi zurfi yana fari in ana sanyi.” Ya juyo ya dube ni. “Zeinil aga, zafi ake yi a zauren nan. Ba za ka kwance ƙyallen ba?”

Kai ka daɗe kana yi min tsiya a kan ƙyallen nan. Mako guda bayan aurena wuƙar jima ta kuɓuce min a majema, saura kaɗan ta gama da ni. Na ɓoye wa Inna don kada hankalinta ya tashi. Umihana ce ta wanke, ta ɗaure, ta yi ta jinya a ɓoye har ya warke. Ban da ita ba wanda ya taɓa ganinsa.

Na kwance. Hoja ya dubi wuyana, ya dubi na hoton, ya auna da yatsansa nan da can. Ya ce, “Shi ne. Aure yana nan. Kuma tun da ga layi a wuya, ya zauna.” Ya ɗauki sanda, a bakin ƙofa ya ce min a hankali, “Gobe in za ka yi rantsuwa a kan matarka, ka fara zuwa ka ga da idonka.” Ina zargin tsohon nan tun farko ya san inda zai sauke maganar, so yake in tsaya a gaban mutane in ji yadda ake ji. Ban tambaye shi ba.

Inna ta ce a kawo ni kusa. Ta shafa fuskata, ta gangaro ta sami tabon, ta ce, “Wannan fa? Me ya sa ba ka faɗa min ba?” Na ce, “Inna, idon fa?” Ta ce in rufe mata baki, ita ta haife ni.

Na raka Usta har gada. A can na ce ya gyara hancin. Ya ce sai in na zauna masa. Ina zama, bayan azahar. Kada ka kuskura ka yi dariya. Ya ce min bana ba zai fita yawo da wuri ba, akwai wata mai shuɗiyar riga da yake so ya gwada, zai bi tsofaffin unguwarsu ƙofa ƙofa, kowa ya faɗa masa abin da ya riƙe.

Ka dawo gida. Dukanka yana nan na ajiye, darar ma tana nan, ɗaya, don rabin kacici-kacici aka ba ni. Kuma ina bukatar mai baki, ni nawa ya ƙare. Umihana tana dafa min abinci, tana wanke min kaya, amma tun da na iso ba ta ce min komai ba in ban da sannu da zuwa. Da safe sai ta ɗauki gahawarta ta hau sama inda aka mayar da hoton, ta sha a can. Jiya na tare ta a matakala na ce, “Ga ni a gabanki da raina, me kike nema wurin ƙyalle da fenti?”

Ta ce, “Hunturu guda ya yi a gidan nan, kullum idonsa a kaina. Bai taɓa zargina ba.”

Ta raɓa ni ta hau.